In za a kulle intanet ɗin biro, kada a haɗa da bakin ma'aikaci

  

Yau zancen ma'aikatan gwamnati za mu yi. In mun ce ma'aikaci, kada hankalinku ya tafi wajen mai babbar mota da direba. Muna nufin mushen lakwal ɗan kwantaragi, da ungozomar asibitin ƙauye, da sakataren meri mai buga takardar haihuwa, da malamin gona, da malamin dabbobi. Tambayarmu ita ce: gwamnati tana da ikon ta kulle intanet a wurin aikinta, ta ce ba a shiga Facebook ko TikTok ko YouTube da kwamfutar biro? In tana da wanga iko, a ina ya tsaya?

Abin da ya tado zancen wani vokal ne da wani dattijo ya aiko mana, ma'aikaci da ya kusa ritaya. Ya roƙe mu kada mu faɗi sunanshi ko na ma'aikatarsu, mun kuwa ɗauki alkawari. Ya ce an tara su anka sanar da su cewa an toshe Facebook da YouTube a wifi ɗin biro. Daga nan shef ya ƙara da cewa duk wanda anka ji ya yi maganar ma'aikatar a wani gurup na WhatsApp, ko ya kira gidan rediyo, to ya ɗaure kayanshi, canjin wurin aiki na nan tafe. Dattijon ya ce: "Ƴaƴana, ta farkon ban ƙi ta ba, don ni ko Facebook ɗin ba ni da shi. Ta biyun ce ta hana ni barci. Shekara talatin ina aikin gwamnati, yanzu ko rufin biro ya faɗo mini a ka, ba ni da bakin faɗi?"

Magana biyu ce shef ya haɗa cikin numfashi guda. Mu kuma so muke mu raba su, don ɗaya tana da hujja, ɗayar kuma laɓewa ta yi a bayan mai hujjar.

Mu fara da ba gwamnati gaskiyarta. Da wuya a samu mai karanta wanga rubutu da bai taɓa tsayawa layi don takarda guda ba. Ka taso daga ƙauye da asuba, ka biya kuɗin mota, ka biya kabu-kabu, ka iso biro ƙarfe tara, ka tarar da wanda zai sa maka hannu ya duƙufa kan bidiyo yana dariya shi kaɗai. Ka yi sallama, ya ɗaga maka hannu bai ɗaga kai ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Kwamfutar nan da kuɗin talakawa anka saye ta, koneksiyon da kuɗin talakawa ake biyanshi, lokacin aiki kuma shi ake ba albashi a kai. Sannan koneksiyon biro kamar pampo guda ne a unguwa. In mutum biyar sunka buɗe fim lokaci ɗaya, mai son aika rahoto Yamai sai ya wuni yana kallon ɗan abin nan na juyawa a allo. Ga kuma batun tsaro. Kwamfutar da ke ɗauke da jerin albashi, ko sunayen marasa lafiya, ko sakamakon jarrabawa, latsawa ɗaya a kan saƙon ƴan damfara ta isa ta shigo da cutar kwamfuta da za ta kulle komi. Don haka in shugaban ma'aikata ya ce ba wasa ba fim a kwamfutar aiki, mu ba mu ga laifinshi ba.

Manyan ƙasashe ma suna yi. A ƙarshen watan Disamba 2022 Amurka ta yi dokar hana sa TikTok a wayoyi da kwamfutocin gwamnatin tarayya. A watan Fabrairu 2023 hukumar zartarwa ta Tarayyar Turai da ƙasar Kanada sunka bi sahu. Ranar 24 ga Maris 2023, ministan ma'aikatan gwamnati na Faransa na lokacin, Stanislas Guerini, ya hana manhajojin nishaɗi a wayoyin aiki na ma'aikata. TikTok da Netflix da wasanni irin su Candy Crush duk sun shiga ciki, dalilin da anka bayar kuma shi ne tsaron bayanan gwamnati. Ku lura da yadda anka yi. An rubuta umurnin, an bayyana shi kowa ya ji. An bar ƙofar neman izini ga waɗanda aikinsu ke nan su yi magana da yawun ma'aikata a shafukan sada zumunta. Kuma a wayar da gwamnati ta saya umurnin ya tsaya. In ma'aikaci ya ɗauki tashi wayar ta aljihu, ba ruwan minista.

To ga wani kwaɗon, a fuska ya yi kama da wancan, amma sai an duba inda anka rataya shi. A Amurka akwai jihar da ake kira Kentucky. A shekarar 2006 gwamnanta, Ernie Fletcher, yana cikin tsaka mai wuya: ana tuhumar gwamnatinshi da rabon ayyukan gwamnati ga ƴan jam'iyya, an ture cancanta gefe. Wanga zance ba baƙo ba ne a kunnen ɗan Nijar. Akwai wani ɗan adawa mai suna Mark Nickolas da ke da shafi a intanet, BluegrassReport, kullum yana bin diddigin maganar, ma'aikatan jihar kuma suna karantawa. A watan Yuni 2006 jaridar New York Times ta buga labari kan gwamnan, ta ambato Nickolas yana sukarshi. Washegari ma'aikata sunka zo biro, sunka tarar shafin ba ya buɗewa.

Hukuma ta ce ai ba shi kaɗai ba ne, rukuni-rukuni na shafuka anka toshe don hana ɓata lokacin aiki. Sai dai shafukan manyan jaridu suna nan suna buɗewa, ma'aikaci na iya wuni yana karanta su. Nickolas ya kai ƙara kotun tarayya, wata ƙungiyar kare haƙƙin jama'a mai suna Public Citizen ta tsaya mishi. Bai yi gardama kan cewa gwamnati na da ikon tsara kwamfutocinta ba. Ƙorafinshi shi ne an zaɓi wanda za a karanta da wanda ba za a karanta ba, bisa abin da mutum ke faɗi. Ana cikin shari'a Fletcher ya faɗi zaɓe a watan Nuwamba 2007, Steve Beshear ya hau. A 2008 anka sasanta, jihar ta yarda ba za ta toshe shafi saboda ra'ayin da ke cikinshi ba.

Daga nan munka samo ma'aunin da muke so kowane ma'aikaci da kowane shef ya riƙe. In an ce ba a kallon bidiyo a biro, to bidiyon mai yabo da na mai suka duk su rufu. In an ce ba a karanta labarai lokacin aiki, to jaridar da ke tafa wa shef ta rufu tare da wadda ke tambayarshi ina kuɗin gini. Ranar da kuka ga shafin mai yabo na buɗewa, na mai tambaya ya ƙi, to ku san an bar zancen lokacin aiki an koma zancen kare kujera.

Wani zai ce ta yaya ma za a gane? Gaskiya da wuya, kuma a nan haɗarin yake. Duk koneksiyon biro ta wani ɗan akwati yake bi kafin ya fita. Mai kula da kwamfutoci yana iya ba akwatin jerin sunayen shafukan da ba a so, ko ya ce a rufe rukuni gaba ɗaya: wasanni, caca, fina-finai, shafukan sada zumunta. Aikin minti kaɗan ne. Kai ma'aikaci abin da kake gani kawai shi ne shafi ya ƙi buɗewa, sai ka ce rezo ne, don mu nan komi ya lalace rezo muke ɗora wa. Akwatin nan kuma yana iya ajiye tarihi: wace kwamfuta ko wace waya ta nemi wane shafi, ƙarfe nawa. Yawancin shafuka yanzu a lulluɓe suke, ba a ganin abin da ka rubuta a ciki, amma ana iya ganin ƙofar da ka ƙwanƙwasa. Shi ya sa muke cewa duk dokar da ba a rubuta ba, anka bar ta a hannun mutum guda da akwatinshi, abin tsoro ce.

WhatsApp kuwa tun watan Afrilu 2016 saƙonninshi a kulle suke daga waya zuwa waya, mai akwatin biro ba ya iya karanta su. Amma wanga bai ceci kowa ba. Abokin aikinka da ke cikin gurup ɗin shi zai ɗauki hoton allon, abin da muke cewa kaptir, ya tura wa shef kafin ka gama shan shayi. Mu dai duk labarin da ya iso mana na ma'aikacin da ya shiga uku kan saƙo, ta hannun mutum ya bi.

Sannan shi kanshi kwaɗon, mi yake hanawa? A watan Disamba 2010, bayan WikiLeaks ta fara fito da wasiƙun sirri na ofisoshin jakadancin Amurka, rundunar sojan saman ƙasar ta toshe shafuka sama da 25 a kwamfutocinta, har da na New York Times da Guardian da Le Monde. Duniya duka na karantawa, sojan da ke biro ne kaɗai ba ya iyawa, sai ya koma gida ya buɗe tashi kwamfutar. Tafin hannu ba ya rufe rana. A nan wajenmu abin ya ma fi sauƙi, don kowane ma'aikaci da salularshi a aljihu. In an rufe wifi sai ya sayi mega na ɗari biyu ya ci gaba da kallon abin da yake kallo. Wanda ke shan wahalar shi ne ƙaramin ma'aikaci mai son aiki, wanda albashinshi bai kai ƙarshen wata ba, wanda da wifi ɗin biro yake sauke takardun koyarwa ko bidiyon horo. Kuma mu faɗi gaskiya, aikin gwamnatin kanshi a WhatsApp yake tafiya yanzu. Kiran taro ta nan yake zuwa, takardar sanarwa hotonta ake ɗauka a tura gurup, rahoton asibitin ƙauye sau da yawa ta nan yake isa gari. Shef ɗin da ya toshe shi da safe, da yamma shi zai tambaye ka mi ya sa ba ka ga saƙonshi ba.

Tunda kwaɗon akwati ba ya riƙe kowa, sai a koma ga kwaɗon baki. A nan ne ake jawo kalmar nan ta Faransanci da duk wanda ya yi aikin gwamnati ya taɓa jin an tsorata shi da ita: devoir de réserve, wato wajibin kame baki. Mu da munka yi lakwal da Faransanci mun ji ta tun muna koleji, amma kaɗan ne anka zaunar anka yi musu bayaninta. Tsarin aikin gwamnatinmu gadon Faransa ne, kuma a can abubuwa uku ne daban-daban. Na farko sirrin sana'a: likita ba ya faɗin ciwon wani, ma'aikacin kotu ba ya yawo da abin da ke cikin dosiye. Wanga don kare talaka anka yi shi, babu mai jayayya. Na biyu riƙon abin da ka sani ta hanyar aiki: takardar da ba a riga an fitar ba, tambayoyin jarrabawa, farashin da ƴan kwangila sunka bayar kafin a buɗe. Shi ma da hujjarshi. Na uku shi ne kame bakin, kuma a inda anka ƙirƙiro shi, ya fi shafar yadda za ka yi magana: ban da zagi, ban da cin mutuncin ma'aikatarka a bainar jama'a, ban da yin kamfe da rigar aiki. Nauyinshi yana ƙaruwa da girman muƙami. Abin da ake jira daga gwamna ko babban darakta ba shi ake jira daga mai gadi ba, wakilin sandika kuma an fi sakar mishi mara. Bai hana ma'aikaci ya zama ɗan ƙasa mai ra'ayi ba.

In mushe ya ce ajinshi na zana ne kuma iska ta kwashe shi, wane sirri ya tona? Duk ƙauyen sun gani. In ɗan kwantaragi ya ce an shiga wata na biyu bai ga kuɗinshi ba, mai shagon da ke binshi bashi ya riga kowa sani. In ungozoma ta ce da fitilar salula ta karɓi haihuwa, ai mai haihuwar da mijinta suna wurin. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kuma ƙasar nan tana da doka a kan haƙƙin sani. Ranar 23 ga Fabrairu 2011, zamanin riƙon ƙwarya na Salou Djibo, anka sa hannu kan doka mai lamba 2011-22, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanai da takardun hukuma. Ma'anarta a taƙaice, abin da ke cikin biro na jama'a ne, sai wanda doka ta ware ta ce sirri ne. Mu da yawa mun juya abin: komi sirri ne sai wanda shef ya ga dama.

Amma ba za mu yi muku daɗin baki ba, akwai wata dokar da ya zama dole ma'aikaci ya sani kafin ya latsa "aika". Ranar 3 ga Yuli 2019 anka yi dokar laifuffukan intanet mai lamba 2019-33. A 2022 anka gyara ta, anka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, anka bar tara. A watan Yuni 2024 hukumomi sunka maido da ɗaurin. Ɓata suna ko zagi ta hanyar intanet yana iya jawo shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso, da tarar sefa miliyan 1 zuwa miliyan 5. Yaɗa abin da zai iya tada hankalin jama'a ko ya taɓa mutuncin ɗan Adam kuwa, shekara 2 zuwa 5. Wagga doka ba ta bambanta ma'aikaci da ɗan kasuwa ba, kuma ba ta tambaya ko da wifi ɗin biro ka aika ko da meganka. Baki shi ke yanka wuya. Muna faɗi ne don ku sani, kuma don shugabannin ma'aikatu su gane cewa ma'aikaci ya riga ya ɗauki kaya mai nauyi a ka. Ba sai an ƙara mishi da barazanar da babu ita a kowace takarda ba.

Mi ya sa mu ƴan rediyo abin ya dame mu? Don mu ke zaune a inda shirun ke fitowa fili. In munka buɗe layi kan matsalar ruwa ko ta asibiti, talakawa na kira suna faɗin sunansu da unguwarsu. Ma'aikaci in ya kira, kalmarshi ta farko ita ce "don Allah kada ku faɗi sunana". In munka je neman bayani a biro, amsar da muka fi haddacewa ita ce "sai an ba ni izini daga sama". Ka hau saman, a ce yana taro. Ka dawo gobe, a ce ya tafi Yamai. Shirin kuma ƙarfe takwas na dare zai fita, ko da bayani ko babu. Ranar da wanda ya sani ya yi shiru, wanda bai sani ba shi ke cika gari da vokal. Kun san irinsu: murya ba suna, "wallahi yanzu wani na kusa da abin ya gaya mini". Kafin la'asar ya zaga fada goma, ya shiga kasuwa, ya tsallaka iyaka. Da an bar malamin asibiti ya yi bayani na minti uku da sunanshi, da ba a kai nan ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wa ke fara ganin yara uku sun zo da wuya a sanƙare cikin mako guda lokacin zafi? Malamin asibitin ƙauye. Wa ke fara ganin tsutsa ta shiga hatsi, ko ɗango ya taso a daji? Malamin gona. Wa ke fara lura da cewa ƴan mata sun daina zuwa aji? Mushe. Waɗannan mutane su ne idon ƙasa. In sunka koyi cewa magana tana jawo canjin wurin aiki, ba rediyo kaɗai za su daina gaya wa ba. Har shef ɗin za su daina gaya wa, su riƙa rubuta mishi rahoton "komi lafiya".

Duniya ta ga misalin wanga a fili. Ranar 30 ga Disamba 2019, wani likitan ido a asibitin gwamnati na birnin Wuhan a ƙasar Sin, Li Wenliang, ya rubuta wa abokan karatunshi likitoci a gurup ɗinsu na WeChat cewa an ga wata cutar numfashi, su yi hattara. Wani ya yi kaptir, saƙon ya fita. Ranar 3 ga Janairu 2020 ƴan sanda sunka kira shi, sunka sa ya sa hannu a takardar gargaɗi kan yaɗa jita-jita. Ya koma bakin aiki, cutar ta kama shi, ya rasu ranar 7 ga Fabrairu 2020. A watan Maris, watan da korona ta shigo Nijar, hukumar ƴan sandan ta janye takardar, ta ba iyalinshi haƙuri. Ba mu ce da an saurare shi da cutar ba ta iso mu ba, Allah kaɗai ya san wanga. Abin da muke nunawa shi ne, mutumin bai yi zagi ba, bai yi siyasa ba, abokan aikinshi ya yi wa kashedi, kuma abin da ya fara samu shi ne sammaci.

Mu kanmu mun ɗanɗana abin da ake ji in mabuɗi na hannun wani. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na 21 ga Fabrairu 2021, anka bayyana sakamako ranar 23, rikici ya tashi a Yamai da wasu garuruwa, ranar 24 anka katse intanet ɗin salula. Sai ranar 5 ga Maris ya dawo. Kwana goma ke nan. Masu saye da sayarwa ta WhatsApp sunka zauna, ɗalibai sunka zauna, mai ɗa a Libiya ko Aljeriya ya rasa vokal ɗin da ya saba ji. A kwanakin nan wuraren da ke da koneksiyon igiya, irin su manyan ma'aikatu da otal-otal da ofisoshin ƙungiyoyi, su ne sunka zama rijiya, kowa na neman wanda zai ba shi kod. Wanda ya ga kwanakin nan ba zai ce wifi ɗin biro ƙaramin abu ne ba. Wanda ke riƙe da kod yana riƙe da hanyar da mutane ke jin labari, kuma duk mai irin wanga iko ya kamata a san dokar da ke bisa kanshi.

Don haka ga roƙonmu ga shugabannin ma'aikatu, da girmamawa. In za ku toshe, ku rubuta. Ku manna takarda a ƙofa: ga abin da anka rufe, ga dalili, ga lokacin, ga wanda za a gani in aikinka na buƙatar shafin. Ku rufe bisa irin abu, kada ku duba wa ya faɗi. Ku gaya wa ma'aikata ko ana ajiye tarihin inda sunka shiga, da wanda ke da ikon dubawa. Ku bar umurninku ya tsaya a kayan gwamnati da lokacin gwamnati. Sannan kowace ma'aikata ta samu mutum guda da anka ba izinin amsa wa ƴan jarida, mai lambar da ke shiga, don "sai an ba ni izini" ya daina zama amsa. Kuma ku buɗe ƙofar ciki. Ma'aikacin da ya rubuto muku sau uku kan rufin da ke yoyo bai samu amsa ba, kada ku yi mamaki in kunka ji zancen a rediyo.

Ku kuma ƴan uwa ma'aikata, ku taimaki kanku. Lokacin aiki na mai layi ne, ku sallame shi tukun. Kada ku ɗauki hoton marar lafiya, ko takardar wani, ko jerin sunaye ku tura gurup, ko da nufin alheri. In za ku yi magana, ku faɗi abin da idonku ya gani, da rana da wuri, ban da zagi, ban da "an ce". Ku fara da ƙofar ciki, a rubuce, ku ajiye kwafi. Ku bi ta sandika in akwai, don murya ɗari ta fi wuyar turawa daji fiye da murya guda. Kuma kai mai kaptir, ka ji tsoron Allah. Wanda ka kai ƙara yau kan rashin magani a asibiti, gobe ɗanka ne za a kawo wurin.

Mu ma ƴan rediyo akwai namu nauyin. Wanda ya ba mu amanar sunanshi, mu riƙe ta ko da wa ya kira. Abin da ma'aikaci ya faɗa mana, mu bincika kafin mu watsa, mu kuma nemi ɓangaren shef mu ba shi lokacinshi cikakke. In munka yi sakaci sau ɗaya anka gane muryar wani, ba shi kaɗai za mu rasa ba, duk na bayanshi sun rufe baki ke nan.

Muna so mu ji daga gare ku. Ma'aikata, yaya abin yake a wurin aikinku, an rubuta dokar ko a baki take? Shugabannin ma'aikatu, mi ya sa ku ɗaukar matakin, kuma ya yi amfani? Masu zuwa neman takarda, kun ga canji? Ku rubuto, amma ban da sunan mutum, ban da sunan ma'aikata, ban da zagi. Wanda ba ya son a ga sunanshi ya aiko ta akwatin sirri, za mu karanta a shiri ba tare da mun ambace shi ba.

Allah ya ba shugabanninmu haƙurin sauraro, ya ba ma'aikatanmu riƙon amana, ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya. Sai mun ji ku.